Gurguzun yakuwar da na shuka ya ƙi tsirowa, ina kuskuren yake?

Mai tambaya, daga Mai Wurno:
Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ina da 'yar gona a bakin kogi kusa da Sinnar a nan Sudan, ba ta kai fadan ɗaya ba, wato wajen eka ɗaya. Bana na zuba mata yakuwa mai jan zoɓo, wanda ake ce wa karkade a nan, irin kuwa wajen wani mutumin Kurdufan na samo shi. Ta yi kyau, alhamdu lillahi. A watan Nuwamba na ga zoɓo yana kuɗi, sai na yi maza na tsinke. Muka ɓare muka shanya, kwanson kuma na farfasa na fitar da gurguzu wajen malwa biyu (malwa ita ce mudun awonmu na nan), na ɗure a leda na cusa ƙarƙashin gado. Bayan kwana 10 na kwance ledar, wari ya bugi hancina, cikinta duk gumi, wasu ƙwayoyin sun yi fari fat da fumfuna. Na tsince masu dama-dama na shuka kunya biyar ina ban ruwa. Yau kwana 12, abin da ya fito bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Kun san tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 iri mai kyau ya zama abin nema. Shin sabon gurguzu sai ya huta yake tsirowa, ko ni na kashe shi? Sauran da ke hannuna zai yi rai?

Wani dattijo daga Gadarif:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai, lokacin da ka fasa kwanson yaya launinsa yake? Da kansa ya buɗe baki ko da ƙarfi ka fasa?

Mai tambaya:
Baba, gaskiya yawancinsu kore ne shar, da wuƙa muka riƙa tsagawa. Ƙwayar ma farce yana shiga.

Dattijon Gadarif:
To ga ta nan. Ɗanyen iri ka cire. Zoɓo yana isa tsinka tun gurguzun cikinsa bai ƙosa ba, kai kuma ka haɗa girbi biyu a rana ɗaya. Mu abin da muka taso muka tarar, tun gona tana tsaye ake zagayawa a zaɓi gindi 15 ko 20 masu ƙiba, marasa cuta, a ɗaura musu tsumma, a ce wa yara kada wanda ya taɓa. Ana barinsu har kwanson ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ya fara tsagewa daga sama, in ka girgiza reshe ka ji kacau-kacau. Sannan a yanka a zuba a buhu a bubbuga. Kada kuma ka yi sake ya wuce nan, don zubewa zai yi a ƙasa, tururuwa su kwashe. Ƙosasshen gurguzu duhu yake yi, ga tauri. Mai haske, mai yamushi, ko shekara ya yi yana hutawa ba abin da zai fito.

Wata uwa daga Kasala:
Sai kuma ledar, ɗan nan. Ko ƙosasshe ne ka kulle shi da ruma ai ka dafa shi. Ni a faifai nake baza nawa, siriri, a rumfa inda iska ke kaɗawa, safe da yamma in motsa da hannu, da dare in shigar ɗaki saboda raɓa. Mako biyu. In na ɗauki ɗaya na ciza na ji ƙas, ya yi. In ya lotsa, da saura. Daga nan in gauraya da tokar murhu da aka tankaɗe da busasshen ganyen darbejiya, in zuba a kwalba ko jarka in toshe. Wanda ya yi fumfuna kuwa zubar da shi. Kada wani ya ce maka a yi daddawar batso da shi don kada a yi asara, furundu ma, irin daddawar da mutanen Darfur ke yi, da gurguzu mai tsabta ake yi.

Wani daga Damazin:
Inna, wace irin inuwa kuma? Ni kan rufin kwano nake watsa nawa, kwana biyu an gama.

Uwar Kasala:
Wannan na miya ne, ba na shuka ba. Ɗora tafinka a kan kwanon da azahar ka gani in za ka iya ƙirga goma.

Wani da ya karanta aikin gona, daga Wad Madani:
Maganar Baba da ta Inna duk haka take. Yaya, ga abin da zan ƙara. Kada ka sake ɓata kunya da man injin ban ruwa kafin ka gwada. Ɗebi ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, jera su a tsumma mai laima, naɗe kamar tabarma, ajiye a wuri mai ɗumi, kullum ka ɗan yayyafa ruwa, kada ya jiƙe sharkaf. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka warware ka ƙirga. In 80 sun fito, iri ne. In wajen rabi ne, sai ka ƙara yawan ƙwaya a kowane rami. In ƙasa da haka ne, nemi wani.

Batun hutu, akwai ƙamshin gaskiya. Dangin yakuwa, wato rama da kuɓewa da auduga, wasu ƙwayoyinsu ɓawo ne da su mai tauri da ruwa ba ya ratsawa da wuri. Jiƙa su kwana ɗaya kafin shuka yana taimakawa, amma jiƙo ba ya ta da wanda bai ƙosa ba. Zurfin rami gaɓar yatsa ya isa, santimita 2 zuwa 3.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin. Yakuwa tsawon yini take bi, sai yini ya fara gajarta take fure. Shi ya sa ake shuka ta a Yuni ko Yuli, ta yi tsawo da damina, ta yi fure wajen Oktoba. Wadda ka shuka yanzu cikin hunturu, ga sanyin ƙasa yana jinkirta tsiro, in ma ta fito tana 'yar ƙarama za ta yi fure. Ganyen miya za ka samu, zoɓon kirki kam sai damina.

Wani ɗan'uwa a Jidda:
Ni dai da na ga an ce iri ya ƙi tsiro an ɓoye ƙarƙashin gado, gabana ya faɗi. Rama na taɓa shukawa a tukunya a kan bene, maƙwabcina ya hango ganyen mai yatsu ya ɗauka wiwi ce, ya daina amsa min sallama. Sai da maiɗakina ta kai musu kwaɗon ramar sannan aka shirya.

Mai tambaya, bayan kwana 9:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi gwajin tsumman, 23 suka fito cikin 100. Na zubar da masu fumfuna kamar yadda Inna ta ce. Jiya kuma na koma gonar, a gefen shinge na tarar da gindi bakwai da yara suka tsallake ranar tsinka, kwansonsu ya bushe har wasu sun fara zuba. Na kakkaɓe a zani, na sami cikin gwangwanin madara uku, baƙaƙe, haƙori ma da ƙyar. Suna kan faifai a rumfa yanzu. Baba, gwangwani uku zai ishi gonar da ba ta kai fadan ba, ko in fara neman ƙari tun yanzu?