Neman tarihin kakan da ya rasu a yaƙin Boma: abin da aka tattauna

An yi tambaya kan yadda mutum zai nemi tarihin kakansa soja da ya rasu a yaƙin Boma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na tattaro shawarwarin da jama'a suka bayar.

1. Kowa ya yarda a fara daga gida. A zauna da tsofaffi tun suna raye, a buɗe tsohuwar adaka. Takardar soja ko hoto mai lamba a baya ya fi komai amfani, domin lambobin sojojin Najeriya da NA suke farawa.

2. Suna shi ne babbar matsala. Turawa kan rubuta mutum da sunan garinsu, kamar Musa Kano, ga kuma kuskuren rubutu. A gwada kowane salo.

3. A bincika shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila da suka rasu a yaƙi, kyauta ne. Sojojin Najeriya suna cikin rundunonin Afirka ta Yamma: runduna ta 81 ta tafi a 1943, ta 82 a 1944. Wanda ba a san kabarinsa ba, a duba bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon a ƙasar Boma (Myanmar a yau), mai sunaye kusan 27,000.

4. An rabu kan gidan adana tarihi na Kaduna. Wasu sun ce a je, wasu sun ce sun dawo hannu rabbana. Ni dai zan je.

5. Lambar yabo ta Boma ba ta ɗauke da suna, kada a dogara da ita.