Na'urar UPS tana ta kuka alhali akwai wuta, batir ne ko lodi?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. UPS ce, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta daga batir in an ɗauke, mai ƙarfin 650VA, shekararta uku. Ko da wuta takan yi kuka jefi-jefi, in an ɗauke kuwa ko minti ɗaya ba ta kaiwa take mutuwa. Kwamfutar tebur da allonta da firinta ke kanta. Ta ina zan fara?

Mai_Mita:
Wa alaikumus salam. Fara sauraron irin kukan, domin kowanne da ma'anarsa. A yawancin ƙananan UPS na kamfanin APC, ƙara huɗu kowane daƙiƙa 30 na nufin ta koma kan batir. Ƙara mai sauri ba tsayawa, caji ya kusa ƙarewa. Dogon sauti ɗaya a miƙe, lodi ya yi yawa. Wasu kamfanonin nasu ya sha bamban, sai ka duba takardar da ta zo da ita.

Ni dai batir nake zargi. Irin wannan mai 12V 7Ah shekara 3 zuwa 5 yake yi, zafi kuma yana rage masa kwana. Ka bar shi ya kwana a caji, ka kashe UPS, ka zare filogi, ka ciro shi ya huta awa ɗaya. Lafiyayye zai nuna kusan 12.7V a mitar auna wuta. Amma mita kaɗai tana yaudara: haɗa masa ƙwan mota mai 21W. In nan take ya faɗo ƙasa da 11V, ya gama aiki. In ya kumbura ma, kada ka wahalar da kanka da awo.

Dan_Waya:
Malam, firintar ta laser ce? In ita ce, cire ta yanzu. Sa'ad da take ɗumama kanta tana jan ɗaruruwan wat, ita kuwa 650VA abin da take ɗauka bai cika wuce 360W zuwa 400W ba. Mutane da yawa suna ɗauka VA da wat abu ɗaya ne.

Sabon_Shiga:
Laser ce, na cire ta. Batir ya nuna 12.4V, da na sa ƙwan ya faɗo 9V.

Mai_Mita:
To ya mutu. Wajen sayen sabo ka lura da faɗin ƙarafan batir inda waya ke shiga, akwai F1 mai 4.75mm da F2 mai 6.35mm. Jar waya ga +, baƙa ga −. Kada ka taɓa allon lantarkin da ke cikin UPS, kafasito na riƙe wuta ko bayan an kashe. Ka bar sabon ya yini ya kwana a caji kafin ka ɗora masa kaya.