Kwikwiyo na ɓata mana tsakar gida da dare, yaya kuka yi da naku?

Uwargida daga Talladje, Yamai

Assalamu alaikum jama'a. Maigida ya kawo mana ɗan kwikwiyo mai sati 8 da haihuwa, don gadi, saboda ɓarayi sun dami layinmu. Ga shi muna cikin Afrilu, kowa a tsakar gida yake kwana. Kullum da asuba sai mun tarar ya yi kashi gefen tabarmar yara, jiya kuwa daf da inda Malam ke alwala. Ran Malam ya ɓaci ƙwarai, har ya fara maganar a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Yara sun shaƙu da shi, ni ma ba na son a mayar. Abin da yake ci sauran tuwon dare ne, sai ɗan abin da yara ke jefa masa da rana. Don Allah waɗanda suka taɓa renon kwikwiyo, ku ba ni shawara.

Dattijo mai gadi, Yantala

Wa alaikumus salam, ƴata. Amsarki tana cikin maganarki. Kwikwiyo in ya ci, ba ya wuce rabin awa sai cikinsa ya motsa, ragowar kuma ta biyo baya a hankali. To, kin bar shi da yunwa wuni guda, sai ƙarfe tara na dare kin cika masa ciki da tuwo, kowa ya kwanta. Dole ya sauke a inda kuka kwana.

Na daɗe ina gadi a gidajen da ake ajiye karnuka, kuma ni ake bar wa ƴan kwikwiyon. Da sallah nake auna lokaci. In na dawo daga asuba in ba shi na farko, da hantsi na biyu, bayan azahar na uku, na ƙarshe kafin a kira magariba. Daga nan babu sauran abinci sai gobe, ko da zai zauna gabana yana kallon bakina. Kowane ci ɗan kaɗan ne. Da ya ɗaga kai daga kwano sai in kai shi kusurwar da na zuba masa yashi, in tsaya. Za ki ga ya sa hanci ƙasa yana shaƙe-shaƙe, ya zagaya sau ɗaya ko biyu, sannan ya tsuguna. Yana gamawa in yaba masa da murya mai daɗi, nan take, ba sai an dawo ba. Ki lura da wannan zagayen, in kin gan shi a ko'ina cikin gida ki ɗauke shi da sauri.

Ki roƙi Malam ya ƙara haƙuri, dabbar ba ta san wurin alwala ba tukuna.

Ɗaliba daga Harobanda

Gaskiyar Baba ne. Ni abin da zan ƙara: kar a bar kwanon a ƙasa. Na ba namu kamar minti 15, ya ci ko bai ci ba in ɗauke. Kuma sai da muka hana ƙannena jefa masa abu, don su ne ke rushe tsarin.

Wani magidanci, Bukoki

Hajiya, ki ɗauke masa ruwa tun magariba. Haka na yi da nawa, fitsarin dare ya ragu sosai.

Ma'aikaciyar kula da lafiyar dabbobi, Yamai

Malam na Bukoki, ka yi mini haƙuri, ban yarda da wannan ba a watan da muke ciki. Afrilu da Mayu zafin Yamai kan wuce digiri 40, dare ma bango na fitar da zafi har tsakiyarsa. Kwikwiyo ƙarami ruwan jikinsa saurin ƙarewa yake, na ga waɗanda aka kawo mana sun yi laushi, dasashinsu ya bushe. Lokacin sanyi ana iya ɗauke ruwan kamar awa biyu kafin kwanciya. Yanzu kam a bar masa ko kaɗan ne, a jure fitar da shi.

Yaya ta Talladje, a shekarunsa ba zai iya riƙe fitsari har safe ba, ko wane irin horo aka yi masa. Abin da ake ƙiyastawa shi ne kimanin awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, in yana barci yakan ɗan fi haka. Mai wata 2 ke nan sai an fitar da shi kafin a kwanta, a sake tashi sau ɗaya ko biyu cikin dare. Yawancinsu tsakanin wata 4 zuwa 6 suke fara kwana ba su tashi ba. Abinci kuwa sau huɗu har ya kai wata 3, sau uku har wata 6, daga nan safe da yamma sun isa.

In kin gyara lokacin ci amma kashin na zuwa ruwa-ruwa, ko cikinsa ya yi tulu alhali haƙarƙari a waje, ki yi zargin tsutsar ciki. Ana ba su magani kowane sati biyu har sati 12, sannan wata-wata har wata 6, gwargwadon nauyinsu. Wannan ya shafi yaranki kai tsaye, domin ƙwan tsutsar na zama cikin ƙasar da suke wasa. Zawo da jini tare da amai kuma ba na jira ba ne, yana iya zama farbo, wata muguwar cutar hanji ta karnuka, wadda ake fara rigakafinta tun sati 6 zuwa 8. Allurar haukan kare da ya cika wata 3, kar a ɗaga ta.

Mai shago daga Tawa

Sannunku. Nawa ɗan Azawak ne, wani abokin ciniki ya kawo mini shi daga wajen Abalak. Irin waɗannan karnuka halittarsu ce siranta, dogayen ƙafafu, ciki a ɗame. Mutanen gida suna ganinsa sai tausayi, kowa ya ce yunwa ce, a yi ta loda masa da dare. Sai da na tsaya a kan maganar.

Tunda makiyaya da hatsi da nono suke ciyar da su, uwargida ta gwada masa madarar shanu sabuwar tatsa. Daren nan zawo ya yi ta yi. Nono mai tsami kaɗan bai dame shi ba, amma ɗanyar madara da ta gari mun daina. Abin da ya karɓe shi: shinkafa ko hatsi a dafa su lugub, a haɗa da dafaffen ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko guntun nama daga wajen mahauta. Tuwo zalla ba ya gina kwikwiyo. Miyarmu kuma a kiyaye. Mu nan albasar Galmi ba ta yanke mana a tukunya, ita kuwa albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata jinin kare, haka tafarnuwa. Ƙashin kaza dafaffe ma tsagewa yake ya soke su.

Uwar yara biyar, Lazaret

Ƙanwata, abin da ba a taɓo ba shi ne inda yake kwana. In kin sake shi tsakar gida duka, ko'ina masai ne a wurinsa. Mu da bulo da tsohuwar ƙofa muka kewaye masa ɗan wuri a inda iska ke ratsawa, iya ya miƙe ya juya, kusa da gadon babban ɗana. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, don haka in ya matsu kuka zai yi. Yaron ya tashi ya kai shi kan yashinsa, ba wasa, ba surutu, ya gama a mayar da shi. Kar a ɗaure shi da igiya a wuya a kwanta, yana iya shaƙe kansa.

Duka kuwa ban ga amfaninsa ba, haka tura masa hanci cikin kashin. Maƙwabcinmu ya yi haka, karen ya koma laɓewa bayan randa yana yi, har yau in an miƙa masa hannu sai ya maƙale.

Inda ya riga ya ɓata, shara kawai ba ta isa, warin ne ke mayar da shi wurin. In siminti ne ki wanke da omo sosai. In ƙasa ce ki sa shebur ki kwashe har wadda ta jiƙe a ƙasa, ki zuba sabuwa. Kaɗan daga cikin wadda kika kwashe ki kai kusurwar da kike so ya riƙa zuwa, hancinsa zai kai shi. Wurin alwalar Malam kuma ki tare shi da benci ko bulo har nan da wata biyu.