Ledar takalmi ko takalmin ruwa: wanne zan tanadar wa baƙin da ke shiga ɗakin kajina?

Maman Ilham, Gezawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Shawara nake nema kafin sanyi ya kankama. Ina da kaji masu ƙwai 1,200 a ɗaki biyu, a ƙasa suke ba a keji ba, daɓen siminti ne da buntun shinkafa a kai. Yarana biyu masu aiki kowa da takalmin ruwansa, ba su ne damuwata ba. Baƙi ne damuwar: likitan da ke zuwa duba su, mai gyaran famfo, da masu kwashe kashi. Kowa da takalmin da ya tako waje yake faɗa mini ɗaki. Naira 40,000 na ware. In sayi ledar nan da ake sa wa takalmi a yar in an fito, ko in sayi takalman ruwa na baƙi in ajiye? In leda ce, iri biyu aka nuna mini a shago: wata shuɗiya mai kama da yadin takunkumin fuska, ɗayar kuma leda zalla mai santsi. Wacce ke jure buntu mai danshi? Sannan daga ƙofar gona zuwa ɗakin farko tsakuwa ce a shimfiɗe, a sa wannan a lissafi.

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa magini ya yi miki ɗan kwami a bakin ƙofa, ki riƙa zuba ruwan magani, kowa ya tsoma ƙafa. Shi ke nan, kin huta da kashe kuɗi.

Maman Ilham, Gezawa:
Malam Abu ina da shi, kowane ɗaki da nasa. Mai takalmi sau ciki ba ya yarda ya tsoma, tsallakewa yake yi ina kallo.

Sista Mai Dare:
Anti ki ɗauki shuɗiyar mai kama da yadi. Ita muke sawa a ɗakin tiyata, ba ta zame mutum kuma ƙafa ba ta yin gumi. Fakiti mai guda 100 na saya wa ƙanwata 3,500 a Sabon Gari.

Ɗan Wambai:
3,500? Sista wace shekara ke nan? Ni da nake cikin kasuwa kullum, makon jiya 8,000 aka ce mini, da ƙyar aka bar shi 7,500. Kuma Hajiya ki lura, guda 100 da suke rubutawa ba mutum 100 ba ne. Kowa ƙafa biyu gare shi, mutum 50 ke nan.

Sista Mai Dare:
Watan da ya wuce na saya, Malam. Wataƙila ganin hularka aka yi aka ɗora maka.

Zakaran Unguwa:
Ku duk kuna wahalar da baiwar Allah. Baƙar leda biyu da robar ɗaure kuɗi biyu, an gama. In likita ya yi ƙorafi ki ce masa sabon samfuri ne daga Dubai.

Tsohon Mai Gona, Kumbotso:
Ku yi ta dariya. Ni leda ce ta rufe mini ido har na rasa gona.

Hunturun 2021 ina da kaji 3,000, sun shiga ganiyar ƙwai, kullum mota na ɗauka. Ni ma kamar ke Hajiya, na ga ana ta maganar murar tsuntsaye ta dawo Kano, na je na sayo ledar takalmi katan guda, na rataye a bakin ƙofa, na kafa doka: ba mai shiga sai da ita. Zuciyata ta kwanta, ina ganin na yi katanga.

Wata ranar Laraba wani mai tallar magungunan kaji ya zo, ba zan faɗi sunansa ko na kamfaninsa ba, Allah ya san shi. Ba na nan, na tafi jana'iza. Yarona ya ba shi leda ya sa, ya zaga ɗakuna uku yana ɗaga kaji yana duba ƙeyarsu wai yana neman alamar cuta. Da ya fito yaron ya ga ledar ƙafarsa ta dama ta ɓarke tun daga dunduniya, tafin takalmin a waje. Ya cire ya jefar nan tsakar gona, iska ta yi ta yawo da ita. Daga baya na ji cewa da safiyar ranar ya biya wata gona da kaji ke zubewa, kuma ya sani, don shi ya sayar musu da maganin da bai yi aiki ba.

Ba a rufa mako ba na shiga da asuba na tarar da ɗakin farko tsit. Wanda ya yi kiwon kaji ya san abin da shirun ɗaki ke nufi. Tukkayensu sun yi baƙi-baƙi, kai a kumbure, wasu a kan kwanon ruwa suka mutu. Ranar farko muka kwashe kusan 200, washegari ba mu iya ƙirgawa ba. Jami'ai suka zo suka ɗebi samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, sakamako ya fito, aka kashe ragowar aka binne a rami bayan gona aka zuba magani. Ina tsaye ina kallon kuɗin fansho na da na gidan da na sayar suna shiga ƙasa. Abincin da na ciwo bashi, buhu 140, yana jibge a sito ba mai ci. Mutumin nan ko waya bai ɗaga ba har yau. Uwargidana sai da hawan jini ya kwantar da ita.

Saboda haka duk mai ce miki leda, ki ce Tsohon Mai Gona ya ce ƙarya ce. Ba ta tare komai.

Hajiyar Ƙwai, Zariya:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Allah ya mayar maka da alheri. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Abu Safwan:
Allah ya saka maka Alhaji. Irin waɗannan masu yawo gona-gona da jaka su ne annobar da kanta.

Dakta M.:
Baba, Allah ya musanya da mafi alheri. Amma da izininka, labarinka bai nuna leda ba ta da amfani ba. Mutumin ya kama kaji da hannunsa, rigar da ya shiga waccan gonar da ita ce a jikinsa. Ko da ledar ba ta yage ba, cutar na da ƙofofi da yawa. Ƙafa ɗaya ce daga ciki.

Hajiya Maman Ilham, ga amsar abin da kika tambaya. Shuɗiyar mai kama da yadi an yi ta ne don daɓe mai tsabta, busasshe, irin na asibiti. Ruwa na ratsa ta. Mutum ya taka jiƙaƙƙen buntu kusa da mazubin ruwa, danshin zai shiga ya taɓa takalmi ya fito, kamar ba a sa komai ba. Leda zalla ba ta shan ruwa, amma siririyar tana yagewa a kan tsakuwa kafin a kai ɗaki, kuma a kan siminti mai laima tana kayar da mutum. In dole sai leda, akwai mai kauri doguwa da ke kaiwa kusan gwiwa, ita aka yi wa gona. Ita ma a bakin ɗakin za a sa ta, ba a ƙofar gona ba, kuma kowane ɗaki da sabuwa. Wajen cirewa a juyo cikinta waje, a jefa a durom a ƙone.

Ni da kuɗin a hannuna yake, takalman ruwa zan saya, ɗaki ɗaya farare ɗaya baƙaƙe don kada su cakuɗe, ba sa fita ko'ina. Baƙo ya tuɓe nasa a waje ya zura naki. Sai buroshi mai tauri, don kashi na maƙalewa a zanen tafin takalmin, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan ƙazanta. A kankare tukuna, sannan a tsoma. Ruwan kwamin nan da ya yi kwana uku ya koma kalar kunu ba magani ba ne kuma. In maganin Virkon S kike sawa a kwamin, giram 10 ne a lita ɗaya, kuma in launinsa na ruwan hoda ya kode ƙarfinsa ya tafi. In bilic ne, rana da datti na kashe shi da wuri. Ƙwayar murar tsuntsaye ta fi daɗewa a cikin kashi mai danshi lokacin sanyi, shi ya sa hankalinmu ke tashi da hunturu. Ta cutar kaji ta Gumboro kuwa ta fi ta taurin kai nesa.

Tsohon Mai Gona, Kumbotso:
Dakta, kaza nawa ka taɓa binnewa da kuɗinka? Ku a takarda kuka san kaji. Kuma ku ɗin nan ai kuna cikin masu yawon. Gona nawa kake shiga a rana?

Dakta M.:
Gaskiyarka Baba, muna cikin masu yawon, shi ya sa na ce a tuɓe mana takalmi a ƙofa, har ni. Likitan da ya ƙi, a sallame shi. In na shiga gonar da ake zargi, ba na taka wata gonar a ranar.

Sista Mai Dare:
Dakta wato mu na asibitin mutane ba mu san tsabta ba ke nan? Shekara da shekaru muna sa shuɗiyar ba a taɓa cewa ba ta aiki ba.

Zakaran Unguwa:
Sista, marasa lafiyarku suna kashi a ƙasa su tona da ƙafa? In ba sa yi, ki bar wa Dakta filinsa.

Sista Mai Dare:
Kai dai Allah ya shirye ka.

Ɗan Wambai:
Takalmin ruwa mai kyau yanzu 12,000 ne a wajenmu. Huɗu sun haura kuɗin Hajiya.

Hajiyar Ƙwai, Zariya:
A'a Malam, 6,500 na saya wa yarana. Sai dai gaskiya ba su yi wata huɗu ba suka tsage a wajen lanƙwasar yatsu. Kuma wani abin da ba a faɗa ba: da zafin Maris da Afrilu ya shigo, yaran nan ba sa sawa. Kina juya baya sun koma silifas, da shi za su je shago, da shi za su dawo ɗaki. Sannan a riƙa kifa takalman a kan sanda, mun taɓa samun kunama a ciki.

Ɗan Wambai:
Na 6,500 ai shi ne wanda ya tsage. Maganata ta fito.

Malam Na-Jaji:
Ni duk wannan gardamar ta ƙafa dariya take ba ni. Mu a nan Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsayen nan a Fabrairun 2006, karon farko da aka samu nau'inta na H5N1 a Afirka gaba ɗaya, ina saurayi ina aiki a gonar wani. Ta lafa, ta dawo a 2015 ta Kano da Legas, ta sake dawowa. A duk abin da na gani, ba takalmi ne ya fi cin mutane ba, kiret ne. Dillalin ƙwai zai zo da kiret na kwali da ya zaga gona goma, da busasshen kashi da gashin kaza a manne, ya miƙa wa yaronki ya shiga da shi har cikin ɗaki ya tsinto ƙwai. Kwali kuwa ba ya wankuwa. Kin sa wa likita leda har gwiwa, ga kiret ya wuce ta gabanki.

Hajiyar Ƙwai, Zariya:
Wallahi ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na ce wa dillalina ya tsaya a waje mu juye masa a nasa, ya ce ɓata lokaci ne, in ba na so akwai gonaki da yawa. Ƙwai na hannunki yana kwana, ga zafi, ya za ki yi? Su ke yanka farashi, su ke ɗauka bashi, sai sun sayar su kawo abin da suka ga dama, a cire na fasassu da ba a gonarki suka fashe ba.

Abu Safwan:
Nawa ma yana riƙe mini kuɗin kiret 60 tun kafin Mauludi. Kullum gobe.

Tsohon Mai Gona, Kumbotso:
Ku bar dillalai, ku yi maganar diyya. An rubuta sunana, an ƙirga kajin da aka kashe, na sa hannu a takarda. Waɗanda suka mutu kafin jami'ai su iso ba a ma sa su a lissafi ba. Na yi ta sintiri ofis har takalmina ya cinye. To wa zai kai rahoto gobe? Shi ya sa mutum na ganin sun fara zubewa sai ya kira masu yanka cikin dare ya karya farashi, a kai kasuwa, cutar ta bi gari.

Malam Na-Jaji:
A 2006 naira 250 aka sa wa kowace kaza, mutane suka ce bai kai kuɗinta ba, wasu suka ɓoye nasu. Matsalar tsohuwa ce Alhaji.

Dakta M.:
Sayar da kaji masu ciwo dai haɗari ne ga mai yankan da mai figar, don cutar na iya kama mutum. A kira ofishin likitocin dabbobi na jiha.

Tsohon Mai Gona, Kumbotso:
Na kira ai Dakta. Ga ni nan.

Maman Ilham, Gezawa:
Na gode ƙwarai, Baba Allah ya sanyaya maka. To yanzu in na fahimta, shuɗiyar ta fita. Amma takalmi huɗu a farashin Ɗan Wambai ya fi ƙarfina, masu kwashe kashi kuma su uku suke zuwa, wani ƙafarsa lamba 45. In sayi takalmi biyu masu kyau, ragowar in sayi doguwar ledar da Dakta ya ce? Wa ya san inda ake samunta a Kano, kuma nawa?

Ɗan Wambai:
Ban taɓa ganin doguwar a layinmu ba, sai dai ki tambayi masu magungunan dabbobi. Zan leƙa gobe in Allah ya kai mu.

Abu Safwan:
Hajiyar Ƙwai, nawa dillalinki ke ɗaukar kiret a Zariya yanzu? Ina so in san ko ni kaɗai ake yanka.