Neman shawara: ƙaura daga bit 31 zuwa bit 64 a babbar kwamfuta

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa masana. A wurin aikinmu akwai tsohuwar babbar kwamfutar IBM da har yanzu take aiki da tsohon tsarin aikin OS/390, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kuma shugabanni sun yanke shawarar a koma magajinsa, z/OS mai bit 64. Yawancin manhajojinmu da harshen kwamfuta na COBOL aka rubuta su, kaɗan kuma da Assembler, harshen da ke ba na'ura umarni kai tsaye. Shin wajibi ne mu sake harhaɗa su duka, wato mu sake juya su zuwa harshen na'ura, kafin ƙaura, kuma a ina haɗarin ya fi yawa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba wajibi ba ne. Lokacin da IBM ta fito da z/Architecture, tsarin ginin na'urorinta mai bit 64, a 2000, ta gina shi ta yadda manhajoji masu adireshi na bit 24 da na bit 31 za su ci gaba da aiki yadda suke, na farkon cikin ma'adana mai megabait 16, na biyun cikin gigabait 2. Ka bar COBOL ɗinku ya zauna lafiya, sai manhajar da gigabait 2 ya yi wa kaɗan.

Amsa ta biyu: Malam, waɗannan 'yan kaɗan na Assembler su ne abin da ya kamata ka sa wa ido. Rajistoci, wato ƙananan guraben da na'ura ke riƙe lambobin da take aiki da su, sun faɗaɗa zuwa bit 64, amma tsohon wurin ajiyarsu mai bait 72 rabin ƙasa kawai yake ɗauka, don haka manhajar da ta taɓa rabin sama ba tare da ta adana shi ba, to za ta ɓata wa wadda ta kira ta lissafi, kuma ɓarnar ba lallai ta bayyana nan take ba. Haka kuma PSW, wato rajistar da ke riƙe halin da manhaja ke ciki yayin aiki, ya tashi daga bit 64 zuwa 128, yankin farko na ma'adana ya koma kilobait 8 maimakon 4. Duk manhajar da ke leƙa cikin tsarin aikin kai tsaye, a zauna a karanta ta layi-layi, ko da marubucinta ya daɗe da yin ritaya.

Amsa ta uku: Ina goyon bayansu. Ku ware LPAR na gwaji, wato wani sashe na na'urar da ke aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, ku gudanar da ayyukan ƙarshen wata a kansa, sannan ku kwatanta sakamakon da na tsohuwar na'ura. Ku kuma tuntuɓi kamfanonin da kuka sayi manhajoji a wurinsu tun yanzu, domin tazarar da ke tsakanin OS/390 da z/OS na yau ta yi nisa ƙwarai.