Fomat ne maganin kwamfutar da ta rikice bayan Windows 11?

Oga Mai Gyara: Jama'a, ni dai matsayata ba ta canza ba. Duk kwamfutar da aka ɗaga daga Windows 10 zuwa 11 ta fara rikici, ko sauti ya ɗauke, ko firinta ta ƙi, a kwashe fayiloli a yi mata fomat, wato a goge komai a saka Windows sabo. Ɗora sabo a kan tsoho shi ke janyo tsofaffin direbobi (manhajojin da ke haɗa Windows da na'urori irin firinta) da tarkacen manhajoji. Lalube ɓata lokaci ne.

Injiniya: Oga, da gyara. Idan direba ne mai laifi, kana gama fomat Windows Update zai iya sake sauko maka da shi. A fara buɗe Device Manager, a nemi na'urar da ke da alamar ruwan ɗorawa, a karanta lambarta. Code 28 na nufin ba a saka direba ba sam. Code 10, na'urar ta kasa tashi. Code 43, ta ba da rahoton matsala, Windows ya tsayar da ita. A shiga Properties, a zaɓi Driver, a danna Roll Back Driver. In maɓallin ya dushe, a ɗauko direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurinta daidai.

Malama: Ai fomat ma kan ƙara dagula lamarin. Akwai kariyar da ake kira Memory integrity a cikin Windows Security, ƙarƙashin Core isolation. A kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, sabon sakawa yana kunna ta da kansa, ita kuwa tana hana tsofaffin direbobi tashi. Shi ya sa tsohuwar sikana kan nuna Code 39, wato Windows ya kasa loda direbanta, bayan fomat, alhali da tana aiki. Sabunta direban ya fi kashe kariyar.

Oga Mai Gyara: Malama, wannan na ji. To amma na hannu da suka cika kasuwa fa, waɗanda aka tura wa Windows 11 da Rufus, manhajar da ke tsallake binciken sharuɗɗan Microsoft? Su ne suka fi rikici.

Injiniya: Su kam fomat ba ya musu komai, Oga. Microsoft na neman guntun tsaro na TPM 2.0, RAM na 4GB, ma'ajiya ta 64GB, da firosesa ta Intel daga zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan kaɗan. Rufus binciken kawai yake tsallakewa, ƙarfen yana nan yadda yake. Daga 24H2 kuma, fitowar Windows 11 ta 2024, dole firosesa ta san jerin umarnin da ake kira SSE4.2, don haka Core 2 Duo ko tashi ba za ta yi ba. Sabuwar kwamfuta ma ba ta tsira ba: a 2024 wasu ma'ajiyoyin SSD na Western Digital irin SN770 sun riƙa jawo shuɗin allo a 24H2, kuma sabunta manhajar cikin SSD ɗin ce ta magance.

Malama: Abin da ya fi damuna da gaggawar fomat shi ne tana toshe hanyar komawa. Bayan ɗagawa akwai kwana 10 na komawa baya ta Settings, System, Recovery, Go back, muddin ba a goge Windows.old, foldar da ke riƙe da tsohon Windows, ba. Kafin wa'adin ya cika ana iya tsawaita shi zuwa kwana 60 da umarnin `DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60`. Kuma don Allah kafin a taɓa BIOS, saitin tushen kwamfuta, a adana mabuɗin BitLocker mai lamba 48, wanda ke buɗe ma'ajiyar da aka kulle.

Oga Mai Gyara: A koma ina? Windows 10 ɗin da aka daina tallafa masa ranar 14 ga Oktoba 2025?

Malama: Komawa ta ɗan lokaci ce, Oga, har direba ya fito.

Injiniya: In kuma fayilolin Windows ɗin ne suka lalace, akwai mataki kafin fomat: `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth`, sannan `sfc /scannow`. In bai yi ba, a buɗe ISO na Windows 11, wato fayil ɗin saka shi, daga cikin Windows, a danna setup.exe, a zaɓi barin fayiloli da manhajoji.

Oga Mai Gyara: Duk wannan na buƙatar data da wuta, ga mai kwamfuta tsaye a kanka. Idan Device Manager ya fito tsaf amma ta ci gaba da sandarewa, ni fomat zan yi.

Injiniya: Kafin nan a buɗe Reliability Monitor, a ga sunan fayil ɗin da ke faɗuwa.