Wane injin yankan ƙarfe zan saya, mai faifai ko mai haƙora?

Salam jama'a, don Allah masu aikin walda ku taimaka min. Ina ɗan haɗa tebura da kantoci a gida da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 40x40, kaurinsa milimita 2, kuma yankan digiri 45 ya hana ni sakat.

Zarton hannu yana yanka daidai amma kafin in gama ƙafafun tebur ɗaya hannuna ya mutu. Na koma ƙaramin injin gurza mai faifan milimita 115, shi kuma ko na ja layi na ɗaure ƙarfen tamau sai yankan ya karkace, in na haɗa kusurwa sai ka ga giɓi, walda ta yi ta huda wajen. Na ari babban injin nan na sarawa mai faifan inci 14, sauri kam akwai, amma faifan yana lanƙwasawa in an danna, bakin ƙarfen ya yi zafi har ya koma shuɗi, ga kaifi-kaifi da sai na bi na goge, ga tartsatsi ko'ina kuma ɗakin aikin nawa ƙarami ne.

Na so in sa masa zarto mai haƙoran kabaid (haƙora masu tsananin tauri da ke yanka ƙarfe), sai na duba na ga injin yana juya wajen 3,800 a minti, zarton kuma an yi shi ne don injin da ke juya kamar 1,300 zuwa 1,500, na fasa, ba na son haƙori ya fallo min a fuska.

Kuɗina na inji ɗaya ne tak. Ga mai yanka siririn bututu jefi-jefi, ƙarin kuɗin mai haƙoran ya cancanta, ko mai faifan zai wadatar?